Ko rubuta abin da ke cin raina rashin tawakkali ne?

Wata baiwar Allah ce ta aiko da tambaya daga wani ƙauye a ƙasar Ringim. Ɗanta na fari ya rasu da daminar bara yana ɗan shekara 4. Zazzaɓi ne ya rufe shi cikin dare, ruwa kuma ya yanke hanya, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Ta ce ta gama sakandare kafin a yi mata aure, kuma tun tana makaranta take son rubutu. Yanzu kusan kullum idan gida ya yi tsit sai ta ji kamar ta ɗauki biro, sai kuma ta fasa. Tana tsoron kada hakan ya zama rashin tawakkali, ba ta san ta inda za ta fara ba, sannan tana gudun a gani a ce ba ta da kunya, tunda ɗan fari ne, ko sunansa ba ta taɓa kira a gaban mutane ba.

'Yata, Allah ya sa mai ceto ne, ya ba ki ladan haƙuri, ya sanyaya miki zuciya. Sau uku na karanta saƙonki kafin na iya ɗaukar alƙalami. Ni malamar Hausa ce. Na daɗe ina koyarwa a sakandaren 'yan mata, daga baya kuma na riƙe ajin yaƙi da jahilci na matan aure da yamma. Aikin likita ba nawa ba ne, fatawa ma akwai masu ita. Abin da na sani shi ne abin da ke faruwa idan mutum ya zauna gaban takarda da ciwo a ƙirjinsa, don na gani a wurin ɗalibaina, na kuma ɗanɗana da kaina.

Bari in fara da abin da ya fi damunki. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake gargarar mutuwa, idanun Annabi sun zubar da hawaye har Abdurrahman bin Auf ya yi mamaki. Sai ya ce masa wannan rahama ce. Ya ƙara da cewa ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗar komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi, kuma lallai muna baƙin cikin rabuwa da kai ya Ibrahim. Ki lura, bai ɓoye abin da ke zuciyarsa ba. Ya faɗe shi da bakinsa mai albarka, ya kuma kira sunan yaron. Annabi Yaƙub da ya ce haƙuri mai kyau, shi ne dai wanda idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin Yusuf, kuma shi ne a aya ta 86 ta Suratu Yusuf ya ce yana kai kukan damuwarsa da baƙin cikinsa ga Allah ne. Abin da aka hana sananne ne: kururuwa, marin fuska, kekketa tufafi, da maganar da ke nuna fushi da hukuncin Allah. Uwa ta zauna ta rubuta cewa tana kewar ɗanta ba ya cikin waɗannan.

Kuma kina da magabata a wannan hanya. Khansa'u, wadda ta musulunta a zamanin Annabi, da waƙoƙin makokin ɗan'uwanta Sakhr duniya ta san ta har gobe. A nan ƙasarmu ga Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864. Da ɗan'uwanta Muhammadu Bello ya rasu a 1837 ta yi masa marsiyya. Ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo, ta yi wa aminiyarta A'isha. Malama ce da ta fi mu sanin ma'anar tawakkali, ta haɗa ta da alƙalami ba ta ga sun ci karo ba. In har yanzu zuciyarki ba ta natsu ba, ki kai maganar gun malamin da kika yarda da iliminsa, don kada ki riƙa rubutu kina jin kamar laifi kike yi.

Maganar kunya kuwa, nan ne na fi tausaya miki, don na san yadda abin yake. Shekara 4 kina ce masa "yaron nan", ko "wancan". Idan ya faɗi a gaban uwar mijinki sai ki kau da kai wata ta ɗauke shi. Ranar da ya rasu ma, na san kakarsa da gwaggonninsa ne suka yi kukansu a fili, ke kuwa aka zuba miki ido a ga kawaicinki. Ba na zagin wannan al'ada. A cikinta na tashi, kuma na san alherinta, ita ce ta sa ɗa ya zama na dangi duka. Sai dai ta bar ki da soyayyar shekara 4 da ba ki taɓa furtawa ba, ga shi wanda za ki furta wa ya tafi. Kunya tsakanin mutum da mutane take. Idan kika rufe ƙofa kika buɗe littafi, babu surukar da za ki ji nauyinta.

Iyayenmu ma suna da tasu mafitar. Ina ƙarama, da asuba muryar kakata kan tashe ni tana niƙa a kan dutse. Abin da ba za ta taɓa faɗa wa mijinta ko kishiyarta ido da ido ba, a waƙar niƙa take zuba shi, da habaici da kirari da kukan kewar garinsu, kowa na ji, ba mai cewa uffan. Haka a wurin daka, haka a wurin daɓe. Injin niƙa ya zo ya ɗauke mana wahala, mun gode Allah, amma ya tafi da filin waƙar. Mace ta yau tana da wayar hannu da rediyo, ga surutu ko'ina, amma ba ta da inda aka yarda ta rera nata ciwon. Littafinki shi ne dutsen niƙanki.

To ta ina za ki fara? A nan ne kusan kowa ke tuntuɓe, don haka zan ɗan daɗe a kai.

Kada ki fara da sunan abin da kike ji. A ajina na yamma akwai wata mata da ba ta daɗe da fita takaba ba. Na ce kowa ta rubuta wani abu da ya taɓa ta. Ta cika rabin shafi da kyar, da rubutunta na sabon koyo: duniya ba ta da tabbas, baƙin ciki ya ishe ni, mutuwa mai yankan ƙauna. Duk gaskiya ne, amma kalmomin ba nata ba ne, na zaman makoki ne, kowa ya sha jin su. Ita kanta da ta karanta fuskarta ba ta sauya ba. Sai na tambaye ta, da safe idan kika fito, me kike fara gani? Ta yi shiru. Can ta ce takalminsa. Takalmin roba ne da yake zuwa gona da shi, yana nan a bakin ƙofa inda ya cire shi ranar ƙarshe, da busasshen taɓo a jikinsa. Ta ce kullum in tana shara sai ta zagaye shi da tsintsiya, ba ta iya ɗagawa. Na ce rubuta wannan. Layi 5 ta rubuta. Da ta karanta mana, ba a ƙara jin motsin kowa a ajin ba, wata tsohuwa a baya ta ja mayafi ta rufe fuska. Babu kalmar baƙin ciki ko ɗaya a cikin layukan nan, amma duk wadda ke wurin ta tafi gida da shi.

Ni ma da mahaifiyata ta rasu, wata da watanni ban iya rubuta komai ba. Abin da ya buɗe mini baki muciyarta ce. Na ɗauka zan tuƙa tuwo, sai na ji wani ɗan kwari a jikin icen, daidai inda babban yatsanta ya shekara da shekaru yana zama. Yatsana ya faɗa ciki daram. A daren na rubuta shafi 3, duk a kan muciya.

Dalilin haka a fili yake. Baƙin ciki abu ne mai faɗi, ba shi da kunne ba shi da marfi, ba ta inda za ki kama shi. Takalmi da muciya kuwa suna da girma da nauyi da launi, hannu na iya ɗauka. Idan kika bayyana abin da ido ya gani sosai, abin da zuciya ta ji zai biyo da kansa. Don haka ki nemo naki. Ƙoƙon da yake shan kunu da shi. Yadda yake kiran akuya tun bakinsa bai nuna ba. Motar da ya ƙera da karan dawa. Wurin da yake kwanciya a tabarma, da ɓangaren da yake juyawa. Ki rubuta da Hausar garinku, yadda kike magana da ƙawarki a bakin rijiya, ki manta da jan biron malamin makaranta. Ƙa'idar rubutu aikin wata rana ce.

Masana halayyar ɗan Adam sun gwada wannan abu. A 1986 wani malamin jami'a a jihar Texas ta Amurka, James Pennebaker, tare da Sandra Beall, suka fitar da sakamakon wani gwaji da suka yi da ɗalibai. Kowa ya yi rubutu na minti 15, kwana 4 a jere. Wasu an ce su rubuta abubuwan yau da kullum marasa nauyi. Sauran an ce su rubuta wani mummunan abu da ya taɓa samunsu, amma aka raba su: wasu su faɗi abin da ya faru kawai, wasu su faɗi yadda suka ji kawai, wasu su haɗa biyun. Waɗanda suka haɗa biyun, da suka ajiye biro ransu ya fi ɓaci, amma a watannin da suka biyo baya zuwansu asibitin makaranta ya yi ƙasa da na waɗanda suka rubuta abin da ba nauyi. Abu biyu nake so ki ɗauka daga nan. Labari da jin zuciya tare suke aiki. Sannan idan kika rubuta kika ji ƙirjinki ya ƙara nauyi a daren, kada ki ce abin bai karɓe ki ba, haka yake yi wa mutane da yawa da farko, kuma yakan lafa.

Amma ba zan yi miki alkawarin da ba nawa ba. An maimaita irin wannan gwaji sau da yawa tun daga lokacin, kuma da aka tattara sakamakon an ga amfanin yana nan amma ba mai yawa ba ne, ba kuma kowa yake samu ba. A wajen waɗanda aka yi wa rasuwa musamman, akwai binciken da bai ga rubutu ya gaggauta musu samun sauƙi ba. Saboda haka kada ki ɗauki biro da niyyar shan magani, kina jiran ranar da ciwon zai bari. Ni abin da na gani rubutu yana yi shi ne, yana mayar da abin da ke yawo a kai ba dare ba rana ya zauna wuri ɗaya, ya sami farko da ƙarshe, har ki iya rufe littafi ki je ki ɗora tukunya. Kuma yana ajiye miki yaron. Mantuwa ba ta neman izini. Nan da shekara 10 za ki nemi yadda yake faɗar wata kalma ki rasa, in ba ki rubuta ba.

Akwai rami ɗaya da nake so ki kiyaye. Daga yadda kika ba da labarin daren nan na ji "da na sani" a ƙarƙashin maganarki. Da na lura tun da yamma. Da mun tafi kafin ruwa ya sauko. Ki rubuta daren, sau ɗaya ko sau biyu, daga farko har ƙarshe, ba tare da kin tsallake wurin da ya fi zafi ba. Amma idan kika ga shafi na 10 yana maimaita shafi na 1, kalma ɗaya, zargi ɗaya, to rubutun ya daina yi miki aiki, ya koma saƙa da warwara. Annabi ya gargaɗe mu cewa "da na yi kaza" tana buɗe ƙofar aikin Shaiɗan. Masu binciken nan ma da suka koma suka duba takardun mutane, sun ga waɗanda suka fi amfana su ne waɗanda rubutunsu ke sauyawa daga rana zuwa rana, kalmomi irin su "saboda" da "na gane" suna ƙaruwa, kuma ba su tsaya kan "ni, ni" kaɗai ba, suna leƙa abin ta idon wasu. Yaronki ya yi shekara 4 a duniya, daren rasuwarsa ɗaya ne tak. Kada dare ɗaya ya cinye littafin.

A nan ne ƙagaggen labari yake da amfanin da littafin sirri ba shi da shi. Ki gwada ba da labarin kamar ga wata ya faru. Ki raɗa mata suna, ki sa ta a wani gari, ki ce "ta" maimakon "na". Za ki yi mamakin yadda za ki tausaya wa matar nan da ke tsaye a bakin ruwa da yaro a kafaɗa cikin duhu, ki ga ashe ta yi duk abin da uwa za ta iya, alhali ke kanki kin kasa yi wa kanki wannan adalcin. Wata rana ki rubuta daren ta bakin mai babur ɗin da aka tasa daga barci. Wata rana ta bakin mahaifin yaron. Shi ma fa ɗa ya rasa, kuma shi an ce namiji ba ya kuka.

Wasiƙa ma hanya ce, ki rubuta wa yaron kai tsaye, ki ba shi labarin gida, ki faɗa masa abin da kunya ta hana. In kuma waƙa ce ta fi zo miki, ki fara da 'yar ƙwar biyu, ɗango biyu a kowane baiti, ki riƙe amsa-amo ɗaya. Kada ki ga kamar ƙa'idar waƙa takura ce. Neman kalmar da za ta dace da kari yana ba hankali abin riƙewa, kamar yadda igiyar guga ke ba mai ɗiban ruwa damar leƙa rijiya mai zurfi. Daren da hannu ya ƙi, ki yi magana a waya ki naɗa. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, a ka ya tsara waƙar Infiraji wasu suka rubuta. Baba ta Karo, tsohuwa daga ƙauyen ƙasar Kano, ba ta iya rubutu ba, da baki ta ba da labarin rayuwarta, aka buga shi da Turanci a 1954, har yau ana karantawa. In ajami ya fi miki sauƙi, shi ma rubutu ne.

Sai batun kada a gani. Ki raba littafi biyu. Na farko naki ne ke kaɗai, a ciki za ki faɗi komai, har abin da kika ji game da wadda ta ce miki "ai kina da ƙuruciya, za ki haifi wani" tun ba a share makoki ba. Ki adana shi a ƙasan akwati ko cikin kwallar jerenki, kuma duk shafin da kika ga zai iya haɗa faɗa in ya faɗa hannun wani, kina da ikon jefa shi a murhu bayan ya gama aikinsa. Shafukan rayuwar yaron ne kawai zan roƙe ki kada ki ƙona. Shawarata kuma, in akwai fahimta tsakaninki da maigidanki, ki gaya masa da bakinki cewa kina rubuta abubuwan da kike tunawa game da yaron nan. Littafin da aka tsinta a ɓoye yana jawo zargin da babu gaira babu dalili. Wanda aka san da zamansa kuwa, ba mamaki wata rana ya ce ki karanta masa.

Littafi na biyu shi ne na mutane, in har kin so, kuma ba dole ba ne. Mata da yawa sun mayar da abin da ya same su adabi. Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta dawo ta nemi ilimi da girmanta, ta zama ɗaya daga cikin fitattun marubutan Hausa, kuma auren wuri da halin da mata ke ciki su ne jigon da ta fi bugawa. Sashen Hausa na BBC ma tun 2016 yake shirya gasar Hikayata ta gajerun labarai don mata. Ƙofa a buɗe take. Amma kada ki yi gaggawa. Abin da kika rubuta jiya da hawaye kada ki sa shi a Facebook ko WhatsApp yau. Magana zarar bunu ce, ta intanet kuwa ta fi kowace. Ki bari sai ranar da za ki iya karanta shi ki ga inda jimla ta karkace ki gyara, wannan ce alamar ya huce har ya isa a miƙa wa baƙo. Kuma ki tuna labarinki ba naki ne ke kaɗai ba, akwai mijinki a ciki, da uwarsa, da maƙwabta. Ki sauya suna da gari da kamanni yadda ba mai nuna wani da yatsa a kasuwa. Ciwonki bai halatta miki tona asirin wani ba.

Abu na ƙarshe da ba zan yafe wa kaina ba in na tsallake. Idan kina cikin rubutu kika ji abin ya fi ƙarfinki, jiki na rawa, numfashi na sama-sama, ki ajiye biro, ki fita tsakar gida, ki nemi mutum. Kuma idan makonni suna wucewa ba barci, ba cin abinci, ba kya iya kula da kanki ko gidanki, ba abin da ke miki daɗi, ko kika fara jin gara ki bi yaron, to wannan ya wuce aikin takarda. Ki gaya wa wanda kika yarda da shi a ranar, ku je asibiti ku faɗa wa ma'aikacin lafiya ƙarara. Ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini, yana da magani, kuma zuwa neman maganinsa ba hauka ba ne. Akwai asibitin masu larurar ƙwaƙwalwa a Kazaure, akwai na Dawanau a Kano, akwai kuma sashensu a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Addu'a da magani da rubutu ba sa korar juna.

Ki sayi littafin rubutu irin na 'yan firamare ranar kasuwa. Bayan sallar isha'i, in gida ya kwanta, ki kunna tocila ki ba kanki minti 15, kada ki wuce haka a farkon nan. Ki rubuta safiya ɗaya tak daga cikin safiyoyinsa, wadda ba abin da ya faru a cikinta: ya tashi, ya sha kunu, ya ɓata rigarsa, ya bi kaji da gudu. A saman shafin kuma, kafin komai, ki rubuta sunansa na yanka, cikakke, da hannunki.